Abin da Muka Tarar a Cikin Ƙofofin Fijon Ƙungiya

Tun ranar da aka ga motar ƙungiya ta fito daga wurin mai fenti tana ƙyalli, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mana a waya da a baki: jiki ya yi kyau, inji yana tashi bugu ɗaya, to me ya ƙara zaunar da ita kwana goma sha ɗaya a gareji, kuma me ya sa aka sake taɓa asusu saboda ƙofofi? Masu tambayar suna da gaskiya, domin kuɗin na jama'a ne. Wani da gumin gonar doya ya biya nasa kason, wani da na acaɓa, wata da ribar ƙosai. Mu da aka ɗora wa kula da gyaran mun ga ya fi kyau mu zayyana bayanin a rubuce, kowa ya karanta a natse, musamman 'yan'uwanmu da ke Gwagwalada da Zuba da sauran garuruwa waɗanda ba sa samun zuwa taro a nan Yangoji.

Ga wanda bai san motar ba, Peugeot 504 ce, wadda duk muka taso muna ce wa Fijo, doguwar nan mai kujeru layi uku. Wani dattijonmu ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya ba ƙungiya ita kyauta, da sharaɗi ɗaya: a riƙa ɗaukar mara lafiya da mai naƙuda da ita, kada a mai da ita motar haya. Haɗin Kaduna ce. A 1968 aka fara fito da samfurin 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar tseren Safari ta Kenya, wadda ake yi a hanyoyin da ba su fi namu na karkara kyau ba. A wannan shekarar ta 1975 ne kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Turawa sun daina ƙera ƙaramar 504 a can wurinsu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan haka. Shi ya sa har yau duk garin da ka shiga a Arewa za ka sami bakaniken da ya san cikinta kamar tafin hannunsa, ba ya neman kwamfuta kafin ya gaya maka ciwonta.

Akwai waɗanda tun farko suka ce a sayar da ita, a cika kuɗi a sayo Sharon ko Sienna 'yar Kwatano. Ba za mu ce ba su da hujja ba. Fijo tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Ba ta da jakar iskar kariya, ba ta da birkin zamani. Abin da ya rinjayi taro shi ne tsayin ƙafarta da laushin sifirin ɗinta. Idan aka kira mu da tsakar dare a watan Agusta cewa ga wata tana naƙuda a wani ƙauye ta wajen Yebu ko Ashara, motar da za ta shiga ta fito ba ta bar sharaf ɗin ƙasanta a hanya ba muke so. An kaɗa ƙuri'a, gyara ya yi rinjaye, wannan magana ta wuce.

Maganar ƙofofi ta taso ne ranar da muka je ɗauko ta. Tsohon bakaniken da ya yi mana inji, wanda duk muke ce wa Baba, ya zo ya tsaya yana kallon sabon fentin bai ce komai ba. Can sai ya buɗe ƙofar baya ta hagu, ya girgiza ta. Duk muka ji wani abu yana motsi a ciki kamar ruwa a tulu. Ya ce wa shugabanmu, "Alhaji, in kun kai ta gida haka, ku sa ido a gindin ƙofar nan bayan damina biyu. Fentin zai kumbura kamar ƙuraje." Shugaba ya ce, "Haba Baba, motar da aka fesa wa fenti shekaranjiya?" Ya ce, "Ai waje aka fesa. Ruwan a ciki yake."

A nan ne da yawanmu muka fara jin abin da ba mu taɓa tunani ba, duk da shekarun da muka yi muna tuƙi: ashe ƙofar mota ba a ƙera ta don ta hana ruwa shiga ba. An ƙera ta ne ruwa ya shiga ya fita. Ƙofa akwati ce ta ƙarfe mai fuska biyu, ta waje wadda ake wa fenti, da ta ciki wadda aka yi wa manyan kafofi don hannun bakanike ya kai ga injin ɗaga gilashi da makulli. Gilashi yana hawa yana sauka a tsakaninsu. Robar da ke bakin taga tana share mafi yawan ruwan da ya bi gilashi, amma ko sabuwa fil ce sai wani ya zurara ciki. Wannan ruwan yana sauka gindin ƙofa, ya fita ta wasu 'yan kafofi da aka bari a can ƙasa, waɗanda sai ka buɗe ƙofa ka durƙusa za ka gan su. Wanda ya taɓa zama a gidan soro ya san aikin indararo, ya kuma san abin da ke faruwa da rufin ɗaki in indararo ya toshe.

Saura manyan kafofin nan na fuskar ciki. Da an bar su a buɗe, ruwan da ke ɗiga daga gilashi zai fantsama ya jiƙa murfin cikin ƙofa, wanda wasu ke ce wa kafet ɗin ƙofa. Shi kuwa wannan murfi, in ka juya bayansa, kwali ne mai tauri irin na silin da aka lulluɓe da ledar kushin. Kwali da ruwa ba sa ga maciji. Don haka a masana'anta ake manna wata farar leda a kan fuskar ciki gaba ɗaya kafin a ɗora murfin. Wannan ledar, wadda ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba, ita ce iyaka tsakanin ɓangaren ƙofa da aka yarda ya jiƙe da ɓangaren da dole ya zauna a bushe. Ita ce kuma ke tare ƙurar hunturu da iska da ƙarar hanya.

Ƙofofi huɗu muka buɗe, ba mu sami ledar a ko ɗaya ba. A biyu mun ga guntayenta a manne da tsohon gam, a sauran biyun ko alamarta babu. Ba abin mamaki ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan yaron gareji yana gyara gilashin da ya maƙale ya ga yadda ake yi: a ɓanɓare murfi da sukundireba, a yage leda da hannu ɗaya a jefar, a gyara abin da ya kawo mutum, a mayar da murfi a buga da dunƙulen hannu. Mai mota ya ga gilashi yana hawa, ya biya, ya tafi da murna. Ba mugunta ba ce, yaron haka ya ga maigidansa yana yi, kuma babu mai motar da ya taɓa tambayar ina ledata. A shekaru kusan arba'in na rayuwar motar nan, Allah kaɗai ya san hannu nawa ya shiga kowace ƙofa.

Abin da muka kwaso daga gindin ƙofofin ya isa a ba da labari. Taɓo ne busasshe mai kaurin yatsa uku a ƙofar direba. A ta baya ta hagu, wadda Baba ya girgiza, ruwa ne kwance da ya kusa cika ƙaramar roba, ja wur da tsatsa. Akwai ɓaraguzan tsohon gilashin da ya taɓa fashewa ba a kwashe ba, irin ƙananan nan kamar tsakuwa, su ne suka cushe kafofin fitar ruwa. Akwai ɓawon gyaɗa, da tsabar kwabo goma-goma na da, da sheƙar ɓera, da sifana mai lamba 10 wadda Baba ya ɗaga sama ya ce yau shekara nawa wani bawan Allah yake zargin yaronsa da ita. A ƙofofin gaba kuma wani ya taɓa yanka ƙarfen ciki da kurfi don ya sa manyan sifiku, ya bar bakin ƙarfen tsirara ba fenti.

Yanayin wurinmu ma yana taimaka wa ɓarnar. A Kano ko Katsina damina wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekara ƙarfe a bushe yake. A nan yankin Kwali ruwa yakan fara tun Afrilu, bai ɗauke ba sai Oktoba. Da ya ɗauke sai hunturu ya zo da ƙura, ta shiga ta bakin gilashi ta taru a gindin ƙofa. Ruwan farko na shekara ya mai da ita taɓo, taɓon ya toshe kafofi, ya riƙe damshi wata shida a daidai wurin da ƙofa ta fi rauni. Domin a can ƙasa ne aka naɗe bakin ƙarfen waje a kan na ciki kamar kalmasar riga, kuma ruwan da ya shiga cikin wannan naɗin ba ya bushewa da wuri. Motocin wancan zamani galibi ba a yi wa ƙarfensu rufin tutiya irin na kwanon rufi ba, sai daga baya kamfanoni suka mayar da hakan al'ada. To, ƙarfe da ruwa da iska in sun daɗe tare, tsatsa ce. Daga ciki take ci ta fito waje, ranar da ka ga fenti ya kumbura ta riga ta gama aikinta.

Baba ya nuna mana wata dabara da kowa zai iya yi kafin ya sayi tsohuwar mota. Ya ciro maganaɗisu daga wata matacciyar sifika, ya naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti, ya bi gindin ƙofofin da shi. Inda ƙarfe ne sai ya kama. Inda aka cika rami da foti sai ya zame. A ƙofar baya ta hagu ya zame a tsawon kusan kamu ɗaya. Wato an taɓa ganin ramin tsatsa a wurin shekarun baya, aka toshe shi da foti aka fesa fenti, har da kafar fitar ruwa ɗaya aka haɗa aka liƙe. Kallon kitse aka daɗe ana yi wa rogo.

Wannan ƙofar ita ta fi cin kuɗi da lokaci, don sai da mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon ƙarfe, ya sake huda kafofin ruwa a inda suke tun asali, sannan aka mayar wa mai fenti ya gyara gindin. Sauran ukun Allah ya taimaka tsatsar ba ta huda ba. Aka kankare su da burushin waya, aka wanke, aka bar su a rana kwana biyu a buɗe, aka shafa jan fentin nan na hana tsatsa har cikin lungu.

A kan abin da za a zuba a cikin naɗin ƙarfen an ɗan yi gardama. Al'adar gareji ita ce baƙin mai, tunda kyauta ne. Baba ya ƙi. Hujjarsa ita ce man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da dattin ƙonewa, yana cin roba, yana ɗiga a kan dakalin ƙofa ya ɓata wa mutane tufafi, kuma zafin Maris kaɗai ya isa ya tsiyayar da shi. Abin da aka yi don wannan aiki shi ne wani kakin feshi da ke shiga lungu ya daskare da laushi. Mun same shi a Apo, a wajen masu kayan fenti. Bayan an fesa sai aka bi kowace kafar ruwa da tsinke, domin kakin da kansa yana iya toshe ta.

Kafin a rufe komai, sai da aka gyara duk abin da ke cikin ƙofar, kuma a ganinmu wannan shi ne ɓangaren da ya fi kowanne muhimmanci. Duk wanda ya shiga Fijon haya a shekarun baya ya san yadda ake yi. Hannun ɗaga gilashi guda ɗaya ne a motar, yana wurin direba, in hadari ya taso sai ka ji ana "Direba, a miƙo wainda," a yi ta zagayawa da shi daga kujera zuwa kujera. Ƙofar baya kuwa sai ka zura hannu ta taga ka buɗe ta waje, ko ka ja wata waya da aka ɗaure. Muna dariyar abin, amma mu da ke zaune a bakin hanyar Abuja zuwa Lokoja mun san ranar da ba ya ba da dariya. Ba banza ba Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ajiye ofishi a nan Yangoji. Da yawanmu mun taɓa rugawa bakin titi mu tarar da mutane a cikin mota da ransu, ana ta fama da ƙofa. Motar da za ta ɗauki mara lafiya da tsohuwa da mai ciki, dole kowace ƙofarta ta buɗu daga ciki da ja ɗaya, ko yaro ne ya ja.

Abin da ke hana hakan sau da yawa ƙaramin abu ne. Tsakanin hannun buɗewa da makulli akwai 'yan siraran sandunan ƙarfe, kowanne an riƙe bakinsa da ɗan maɓalli. Ruwa da ƙura su cinye giris, makulli ya yi tauri, mutane su riƙa fizga da ƙarfi, maɓallin ya karye, sandan ya faɗi cikin ƙofa. Daga nan sai waya. Mun ciro makullan huɗu aka jiƙa su a kananzir, aka wanke, aka sa sabon giris. Haka aka yi wa injinan gilashi, ɗaya ma haƙoransa sun cinye sai da aka sauya. Maɓallan da hannayen ɗaga gilashi guda uku da suka ɓace, wani ɗan'uwa ne da ke zuwa Kaduna ya samo mana a Panteka, daga jikin wata matacciyar 504. Robar bakin taga kuma daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka aiko da ita. Jiran waɗannan kaya ne ya ci kwana biyar cikin sha ɗayan da ake tambaya.

Sai ledar kanta. Ba a samun ta a shago a yanke, kai za ka yanka. Baƙar ledar cefane ba ta yi, domin zafin da ke cikin ƙofar motar da ta wuni a rana zai busar da ita ta farfashe kafin shekara. Wadda muka saya ita ce mai kaurin nan da magina ke shimfiɗawa kafin su zuba daɓen siminti, kuma muka zaɓi fara wadda ake ganin abin da ke bayanta, don wanda zai zo gyara nan gaba ya leƙa kafin ya ɓanɓare. Aka ɗora murfin ƙofa a kanta aka zana, aka yanka ta ɗan gaza murfin kaɗan yadda bakinta ba zai leƙo ba. Wurin da ƙarfen wainda da sandan hannu za su fito, tsaga kaɗan aka yi, ba a yanke rami ba.

Gam ɗin da za a manna ta da shi ma akwai zance. Na masu gyaran takalmi yana kamawa, amma yana bushewa ƙam, ranar da aka zo buɗewa sai ledar ta yage, mu koma gidan jiya. Silikon na banɗaki, mai warin tsami ɗin nan, tsamin da ke fita daga jikinsa yayin bushewa yana tayar da tsatsa a ƙarfe, ga shi fenti ba ya kama inda ya taɓa. Salatif kuwa wata biyu ya saki. Abin da ya dace shi ne baƙin danƙon da ake kira butil, wanda ake sayarwa a naɗe kamar igiya da takarda a tsakani; masu gyaran fitilun mota da masu sa gilashi sun san shi. Halinsa shi ne ba ya bushewa. Bayan shekaru za ka iya ɗaga ledar a hankali, ka yi aikinka, ka mayar ka danna da yatsa ta sake kamawa. Abin da ya sa muka nace a kansa ke nan: mun san za a sake buɗe ƙofofin nan, ko muna nan ko ba ma nan, kuma wanda ya tarar da leda mai ɗaguwa cikin sauƙi ya fi kusa da ya mayar da ita.

Akwai wata ƙaramar hikima a yadda ake manna gindin ledar, wadda sai da Baba ya maimaita wa yaronsa sau biyu. In ka zagaye ta da danƙo kawai ka liƙe, ruwan da ya fantsamo mata zai gangaro ya taru a kan layin danƙon na ƙasa, wata rana ya sami hanya ya ɓullo ta cikin mota. Don haka sai an yanka wani ƙyallen leda daban, a manna samansa a bayan babbar, a zura ƙasansa cikin babbar kafar ƙofa ya yi lilo kamar harshe. Duk ruwan da ya zo sai ya bi harshen ya ɗiga cikin ƙofa, inda kafofin fita ke jiransa. Layin danƙon kuma a yi shi ba yankewa, a goge ƙarfen da fetur kaɗan ya bushe kafin a ɗora, don danƙo ba ya kama ƙura ko giris.

Ba a ɗora murfi ba sai da aka yi gwaji. Aka rufe gilashi, yaro ya ɗauki buta yana zuba ruwa daga sama, mu muna durƙushe muna kallon ƙasa. Cikin ɗan lokaci ruwa ya fara zuba ta kafofin gindi, fuskar ledar ta ciki kuwa a bushe. A ƙofar gaba ta dama an ga ɗigo a kusurwa ɗaya, aka ɗaga aka ƙara danƙo, aka sake zubawa har ya daina. Sannan aka ɗaga gilashi aka sauke sau goma, aka kulle aka buɗe ta ciki, ta waje, da makulli. Hajiya ma'ajiyarmu, wadda ta zo da kanta ta ga inda kuɗi ke tafiya, ita aka sa ta zauna a baya ta gwada kowane hannu. Ta ce, "Baba, wannan kam ko jikata za ta buɗe." Ya ce, "To Hajiya, sai a riƙa zaunar da ita a tsakiya."

Murafen ciki biyu na baya sun riga sun kumbura sun lanƙwashe, ramukan maɓallansu sun yage, shi ya sa aka daɗe ana ɗaure su da kusoshin katako da suka huda ledar kushin. Mai kushin ya yanka sababbi da falankin silin, ya mayar da tsohuwar ledar kushin a kai don launin ya zo ɗaya da na gaba. Muka sa aka shafa wa bayansu da bakinsu vanish hannu biyu, saboda ko damshi ya kai gare su kada su sha. Wani daga cikinmu ya ce abin kunya ne a ce mutanen ƙaramar hukumar Kwali sun kasa kula da kwali.

Mayar da murfin ba a yi shi da duka ba. Ana fara saita kowane maɓalli a bakin raminsa, a tabbatar bai tura ledar ya yage ta ba, sannan a danna da tafin hannu daidai kansa. Wanda ya karye a sauya shi, domin maɓalli ɗaya da ya ɓace shi ne ƙarar nan da ke damun mutum tun daga Abaji har Gwagwalada. Daga nan madogarar hannu, sai hannun buɗewa, sai wainda a ƙarshe. Ita ma akwai yadda ake sa ta: a rufe gilashi tukuna, a saita hannun ya kalli gaba ya ɗan yi sama, yadda ba zai riƙa dukan gwiwar mai zama ba, kuma na hagu da na dama su kalli wuri ɗaya.

Ranar da muka ɗauko ta muka bi da ita zuwa Kwali muka dawo. Abin da kowa ya fara lura da shi shi ne shiru. Da can in ana tafiya sai an ɗaga murya, yanzu na gaba yana jin na layin baya. Ƙofa in an rufe ta ba ta yin ƙarar gwangwani. Satin da ya biyo baya aka kai wani dattijo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, aka dawo kafet a bushe, gilashi bai yi hazo sosai ba, babu warin rima ɗin nan da muka saba ɗauka cewa warin tsohuwar mota ne.

Rasitai na duk abin da aka saya suna wurin ma'aji, duk mai son gani ya neme ta, kuma za a karanta su ɗaya bayan ɗaya a taron wata. Wanda ya duba zai ga ledar da danƙon su ne mafi araha a jerin. Walda da gyaran fenti na ƙofa ɗaya tak sun ninka su sau da yawa.

Kwamiti ya tsayar da abubuwa kaɗan ga direbobi ukun da ke riƙe makulli. Duk ranar da aka wanke mota, a buɗe ƙofofi a bi kafofin gindi da tsinken tsintsiya, a ga ruwa ya fita. In gilashi ya fara tauri, kada a tilasta shi, a faɗa wa kwamiti. In kuma dole ta sa aka buɗe ƙofa a wani gareji a kan hanya, direba ya tsaya a wurin, ya ce wa mai gyara akwai leda a ciki, a ɗaga ta a hankali a mayar. Mun ajiye ragowar danƙo da ledar da ta rage a cikin akwatin gaban mota saboda irin wannan ranar.

Abin da ya saura shi ne ƙofar but. Ita ba a taɓa ta ba tukuna, domin robar da ke zagaye da ita ta mutu, kuma wadda aka aiko mana ta ƙaramar 504 ce, ba ta doguwa ba, an mayar. Har a samo, kada a ajiye tabarma ko bargon mara lafiya a can baya in ana ruwa, a sa su a kan kujerar tsakiya. Duk ɗan'uwan da ke da hanyar Panteka ko Ƙofar Ruwa cikin watan nan, ya yi wa sakatare magana a ba shi tsohuwar robar ya tafi da ita don a gwada tsawo.